Iska ta lafa, saura ruwa: muhawarar zauren garinmu kan guguwar Yagi

Juma'a, 6 ga Satumba 2024

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah wanda ya san kan irin wannan abu ya taimaka mana. Kun san Auta yana karatu a Haikou, tsibirin Hainan can kudancin Chaina. Tun jiya yake ce mana an rufe makarantu, an tsayar da jiragen sama da na ruwa, wai wata mahaukaciyar guguwa ce ke tafe, sunanta Yagi. Saƙonsa na ƙarshe ya shigo wajen ƙarfe goma na safiyar nan, ya ce ta sauka, wuta ta ɗauke. Daga nan shiru. Na kira ya fi sau ashirin. Inna ta ƙi karyawa, tana zaune bakin ƙofar ɗaki da carbi, duk wanda ya yi sallama sai ta dubi hannunsa ko waya ce ya kawo. Tambayata ita ce, in an ce guguwa ta sauka, an gama ke nan ko yanzu aka fara?

Mai Caji: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga bidiyo yanzu aka turo min, ku ga yadda teku ke kwashe motoci da gidaje a can.

Malamin Labarin Ƙasa: Mai Caji, don girman Allah goge bidiyon nan kafin wani ya kai wa Inna. Ba na yau ba ne, ba ma na Chaina ba ne. Ambaliyar tekun Japan ce ta watan Maris 2011, kuma girgizar ƙasa ce ta jawo ta, ba iska ba. Duk sanda aka yi guguwa sai an tono shi.

Mai Caji: Afuwan Malam, na goge. Wallahi ban sani ba.

Malamin Labarin Ƙasa: Ba komai. Baban Amira, ga abin da ya tabbata. Ta sauka a yankin Wenchang, arewa maso gabashin tsibirin, da ƙarfe 4:20 na yammacinsu. Suna gabanmu da awa 7, ka ga 9:20 na safe ke nan a nan. Iskarta ta haura kilomita 200 a awa. Sauka da suke faɗa ba ƙarewa ba ce, ana nufin tsakiyarta ta taka gaɓa. Tsakanin wurin da Haikou kuwa bai kai daga nan zuwa Kano ba, kuma can ta nufa. Shirun da ka ji kada ya tsinka maka zuciya, irin wannan iska turakun wuta da na sadarwa take fara kayarwa. Ka bar kira, yana cinye masa caji. Tura rubutaccen saƙo gajere, shi yakan samu ya kutsa ko layi ya yi rauni. Ka rubuta masa: in iska ta tsaya farat ɗaya, kada ya fita.

Baban Amira: Na tura. Amma me ya sa, Malam? In ta tsaya ai ta wuce.

Malamin Labarin Ƙasa: Nan mutane ke halaka. Ka ɗauki faifai ka huda tsakiyarsa, haka siffarta take daga sama. Hudar nan ita ake kira ido, faɗinta kan kai kilomita 30 zuwa 60, cikinta shiru, wani lokaci har sararin sama ake gani. Amma katangar hadarin da ta kewaye idon, nan iska ta fi hauka. In ido ya bi ta kan gari, sai a sha duka, a samu hutu na ɗan lokaci, sannan ɗaya ɓangaren katangar ya iso, iskar kuma ta juyo daga ɗaya gefen. Kwanon da dukan farko ya sassauta, na biyu ke yaye shi.

Autan Inna: Yaya ina lafiya. Muna hawa na uku, mun taru a baranda ta ciki nesa da tagogi. Iska ta tsaya cak yanzu, wasu sun sauka ƙasa suna ɗaukar hoto. Ka ce wa Inna

Malamin Labarin Ƙasa: Auta, idon ne a kanku! Kada ka taka waje. Wanda ka iya kira a cikinsu ka kira shi ya dawo.

Baban Amira: Saƙon ya yanke a nan, amma alhamdulillahi. Na karanta wa Inna, ta yi sujada a tsakar gida. Ta ce a tura masa ya riƙe La haula.

Kawu na Bakin Jinga: Allah ya tsare mana shi. Malam, ni kam abin ya ɗaure min kai. Mu a nan hadari in ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, ta yaye na yayewa, ruwa ya sauko, awa ɗaya an gama. Wace irin iska ce za ta wuni ta kwana tana abu ɗaya?

Malamin Labarin Ƙasa: Allah ya ƙara girma, Kawu. Bambancin shi ne tasu a kan teku ake haifarta. Sai ruwan teku ya ɗumama ya kai awo 26 zuwa 27, tururi ya yi ta tashi, hadari ya yi ta haɗuwa yana juyawa, har faɗinsa ya kai ɗaruruwan kilomita. In iskar ta kai wajen kilomita 118 a awa, mutanen yammacin tekun Fasifik su ce taifun, na Amurka su ce hariken, na tekun Indiya su ce saikulon. Abu ɗaya ne. Mu teku ta yi mana nisa, ba za ta iso mu ba. Amma akwai abin da ke burge ni duk shekara in ina koya wa yara: hadarin nan namu na damina da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, wani yakan ci gaba har ya faɗa tekun Atlantika ta wajen Senegal da Kef Bad, kuma da yawa daga manyan guguwoyin da ke dukan Amurka daga nan suke samo asali. Sunan kuwa ƙasashen yankin ne suka haɗa jerin sunaye 140, hukumar yanayi ta Japan ke bi ɗaya bayan ɗaya tana raɗawa. Yagi kalmar Japananci ce, akuya take nufi. 'Yan Filifin da ta fara bi ta kansu farkon makon nan Enteng suka kira ta, su suna da nasu jerin.

Baban Amira: Malam, koya min yadda zan bi ta da kaina, kada in yi ta damunka cikin dare.

Malamin Labarin Ƙasa: Ba damuwa ba ce, amma gara ka iya. Sauke manhajar Windy ko ka buɗe Zoom Earth. Za ka ga layi da ɗige-ɗige. Na baya inda ta bi ne, na gaba hasashe ne. Akwai wata inuwa da ke buɗewa gaba kamar bakin mazurari. Mutane kan ɗauka girman guguwar ke nan, ko kuma wanda ke wajenta ya tsira. Ba haka ba ne. Inuwar tana nuna inda ake zaton tsakiyar za ta iya bi ne kawai, ruwa da iska suna wuce ta nesa. Kullum ka duba lokacin da aka sabunta taswirar, da agogon wa aka rubuta. Sannan su can launi huɗu ne gargaɗinsu: shuɗi, rawaya, ruwan lemo, ja. Ja ne ƙarshe. Auta ya bi abin da hukumar garin ta ce, ya fi duk abin da mu za mu hango daga nan.

Asabar, 7 ga Satumba

Autan Inna: Salamu alaikum. Na samu layi a bakin wani kanti. Kawu, Yaya, Malam, na gode da addu'a. Abin da Malam ya faɗa haka ya faru. Bayan shirun nan iska ta dawo ta bayan ginin, ƙararta kamar tirela goma sun taho tare. Tagar ɗakinmu da muka manna wa salatif ta fashe duk da haka, gilas har kan katifata. Da muna ciki da wani labarin ake. Ruwa ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa, muka yi ta cusa tawul da barguna. Wani ɗan ajinmu da ya sauka ɗaukar hoto, guntun kwano ya tsage masa ƙafa yana gudun dawowa, da ɗankwalin wata muka ɗaure.
Da safe da muka fito ban gane titinmu ba. Manyan bishiyoyi sun kwanta da saiwarsu a sama, wayoyin wuta a ƙasa cikin ruwa. Ba wuta, famfo ba ya zuwa. Allah ya sa mun cika bokitai da duk wani mazubi tun shekaranjiya. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne kuɗi. Nan kowa da waya yake biya, ko ruwan sha za ka saya. Da layi ya ɗauke sai ga mutane da kuɗi a asusu amma ba su iya sayen burodi. Ni 'yan takardun da na ajiye cikin fasfo tun zuwana su suka cece mu, mu huɗu.

Maman Khalifa: Alhamdulillahi Auta. Yanzu ka saurare ni da kyau, don ranakun bayan iska su ne namu na asibiti. Kada ka taka ruwan da ke kwance a titi, ba ka san wayar wutar da ke ciki ba, kuma kada ka ɗauka waya ta mutu don unguwa ba wuta. In famfo ya dawo kada ka sha sai ka tafasa. Naman da ya kwana a firji ba wuta, zubar da shi ko ya yi maka kyau a ido. Yaron da ya yanke a kai shi a duba, a yi masa allurar tetanus, kuma kada ciwon ya taɓa ruwan ambaliya, akwai cutar da fitsarin ɓera ke sawa a ruwa, ta ciwo take shiga jiki. Na ƙarshe, janareto. In wani ya kunna shi a cikin gini ko baranda don caji, ka bar wurin. Na taɓa karɓar iyali guda, uwa da 'ya'ya uku, an shigar da inji zaure saboda ruwan sama, aka rufe ƙofa aka kwanta. Biyu muka samu da rai. Abin da ke kisa a hayaƙin ba shi da wari, barci kawai mutum zai ji yana ɗaukarsa.

Autan Inna: In sha Allahu Anti. Mai kantin a waje ya ajiye nasa, layi muke bi.

Mai Caji: To alhamdulillahi, an gama ke nan. Allah ya kiyaye gaba.

Malamin Labarin Ƙasa: Ga Auta an kusa gamawa, ga guguwar kuwa da saura. Baban Amira, me ka gani a taswira?

Baban Amira: Na ga ta haye mashigin teku ta sake sauka a Xuwen, lardin Guangdong, cikin darensu. Sai ta koma kan ruwa, yau kuma ta sauka a arewacin Biyetnam wajen Haiphong da Quang Ninh. Layin ya nufi cikin ƙasa, ta wajen Hanoi. An rubuta za ta yi rauni.

Malamin Labarin Ƙasa: Ka iya. Za ta yi rauni kam, don teku ce abincinta, tudu da duwatsu kuma suna karya mata iska. Amma kalmar raunin nan iska kawai take aunawa. Ruwan da ta ɗebo daga teku yana nan a cikinta, sai ta sauke shi. Yanzu ka bar kallon launin iska, ka danna wajen ruwan sama, ka kuma lura da saurin tafiyarta. Wadda ta ruga ta wuce ta fi sauƙi a kan wadda ta raunana ta tsaya wuri ɗaya. Gabanta kuma duwatsu ne, duk kogunansu gangarowa suke.

Kawu na Bakin Jinga: Malam, ba na raina iliminka, amma yaronmu ya tsira. Mu bar mutanen Biyetnam da Ubangijinsu, mu dubi namu kogin. Jiya da yamma ruwa ya taɓa gindin giginyar Makwalla, kuma kwana huɗu ko ɗigo ba a yi a garin nan ba.

Malamin Labarin Ƙasa: Kawu, ai maganar da kuka faɗa ita nake ta kewaye. Kwana huɗu ba ruwa a nan, amma kogi na hawa. Ruwan da ke cin gonakinmu ba a kanmu yake sauka ba. Can sama yake zuba, kogin Kano da na Challawa su haɗu, ya bi ta Wudil, ya bi ta Ringim, ya iso mu bayan kwanaki, rana tsaka, sama tas. Bari in ba ku labarin da ya sa ba na sakin guguwa don an ce ta mutu.
A watan Agusta 1975 wata mai suna Nina ta daki Taiwan, ta shiga Chaina, ta raunana. Ragowarta ta yi tafiya cikin ƙasa har lardin Henan, nesa da teku, ta tsaya cak. A wuni ɗaya aka yi ruwan da ya haura milimita 1,000, abin da mu ba ma samu a damina sukutum. Cikin daren 8 ga wata madatsar Banqiao ta ɓalle, madatsu 62 suka tafi gaba ɗaya. Ruwan ya riga ya katse hanyoyin sadarwa, gargaɗi bai isa ga mutane da yawa ba, suna barci ya same su. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 26,000 ruwan ya ci kai tsaye, waɗanda yunwa da cuta suka kashe daga baya kuwa sun fi haka yawa. Ko bara, 2023, Doksuri a Fujian ta sauka can kudu, amma ragowarta ce ta je ta zuba wa Beijin ruwan da ba a ga irinsa ba cikin shekara 140.

Kawu na Bakin Jinga: Allahu Akbar. Ka tuna min da ɓallewar madatsar Bagauda, 1988. Ina Kano lokacin ina ɗinki a Kurmi. Mu ma da safe muka ji, ba wanda ya ce mana ga shi nan tafe.

Ɗan Fito: Malam, ka yi min haƙuri in sa baki. Wayar nan taka tana ganin hadari daga sama, amma ba ta san inda ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwa ba, ba ta san inda gafiya ta huda jinga ba. Ni turke na kafa a mashaya, na yi masa tsaga da wuƙa, tsakanin kowace tsaga faɗin yatsa huɗu. Asuba da magariba nake dubawa. In ruwa ya yi ja yana tafe da kumfa da karan dawa da kashin shanu, na san sabo ne daga sama, akwai na bayansa. In ya yi baƙi-baƙi ya kwanta, ya gama hawa. Wannan ba a waya na koya ba, wajen mahaifina na gada.

Malamin Labarin Ƙasa: Ban musa maka ko ɗaya ba. Abin da kake yi da turke shi hukumomin can ke yi da na'ura a kowace gada. Inda na fi ka kawai, ni ina iya ganin ruwan tun bai taɓa ƙasa ba, kai kuma ka fi ni sanin inda zai bi in ya iso. Me zai hana mu haɗa? Kai ka riƙa turo mana tsagar turke safe da yamma. Ni in kawo hasashen hukumar yanayi ta NiMet da sanarwar hukumar NIHSA mai lura da koguna. Wanda ke da ɗan'uwa a Wudil ko Ringim ya riƙa tambayarsa yadda ruwa yake a gada.

Baban Amira: Surukina yana Ringim, na ɗauki wannan.

Mai Caji: An ce wai an buɗe madatsar Tiga.

Maman Khalifa: Wa ya ce? In ba daga rediyo ko hukumar kogin Hadejia da Jama'are ka ji ba, kada ka saka mana a nan. Shekarar 2022 irin wannan "an ce" ta sa wata mai tsohon ciki ta kwana a kan titi da yara, ruwan bai zo ba sai bayan mako, lokacin kuma kowa ya daina yarda.

Litinin, 9 ga Satumba

Baban Amira: Malam, ka gani? Guguwar da aka ce ta mutu tun jiya. Yau da safe gadar Phong Chau a lardin Phu Tho na Biyetnam ta rufta cikin Jan Kogi da motoci da babura a kanta. Kwana biyu bayan saukarta.

Ɗan Fito: Allah ya ji ƙansu. Ruwa ba ta sama yake cin gada ba, ta ƙasa yake rarake gindinta, kana ganin kwalta lafiya lau. Haka kwalbatin hanyar kasuwa ya yi mana. Ina roƙon 'yan acaɓan zauren nan, in ruwa ya hau kan hanya yana gudu, ku tsaya. Na tsamo mutum da hannuna wanda ruwan da ya kayar da shi bai kai gwiwa ba. Buhu biyu ya ɗauro a baya, ya ce ya san hanyar. Hanyar da ya sani ruwa ya riga ya tafi da rabinta. Turke yau: tsaga biyu ya ƙaru tun asuba, ruwan ja ne.

Malamin Labarin Ƙasa: Masana ma haka suka auna. Ruwa mai gudu santimita 15, wato iya idon sawu, yana kayar da babba. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci.

Talata, 10 ga Satumba

Maman Khalifa: Jama'a kuna jin Maiduguri? Madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga gari, har fadar Shehu da kasuwar Monday da asibitin koyarwa. Ƙanwar mijina tana Gwange, tun asuba ba a same ta ba. Ku sa su a addu'a.

Malamin Labarin Ƙasa: Innalillahi. Allah ya bayyana ta lafiya. A safiyar nan kuma can Biyetnam dutse ya zaftaro da laka ya binne wani ƙauye, Lang Nu a lardin Lao Cai, gidaje 37. Kwana uku bayan iska ta wuce, mutane na ganin sun tsira. Ƙasa ce ta sha ruwa ta ƙoshi.

Baban Amira: Surukina ya ce ruwan Ringim ya fi na jiya. Kawu, ku yi haƙuri, a gaban jama'a zan faɗa tunda a gida na faɗa ba a ji ba. Gidanku da ɗakin Inna su ne na farko daga jinga. Ina so mu kwashe ku zuwa firamare ta kan tudu tun ana iya tafiya da ƙafa.

Kawu na Bakin Jinga: Ɗana, na ji ka, kuma na san ƙauna ce. Amma kai albashi kake ɗauka. Ni abin da na mallaka yana cikin rumbu biyu da turken awaki. Wancan karon da muka tashi, kwana tara muka yi a aji, na dawo na tarar an ɓalle ƙofa, an kwashe buhu shida har da injin ban ruwa. Wasu suka zo da rigunan aiki suka rubuta sunayenmu, suka ɗauki hotonmu, har yau ko mudu ban gani ba. Gero ya kusa isa yanka, shinkafa ta fara ɗaukar ciki. In tafi in bar wa wa? Shekara sittin ina kwana a bakin ruwan nan, na san muryarsa.

Mai Caji: Gaskiya Kawu na da hujja. Masu cewa a tashi ba su ke biyan asara ba.

Maman Khalifa: Hujjarsa gaskiya ce, ba wanda ya ce ƙarya ne. Amma Kawu, ku dubi bangon ɗakin Inna ta baya. Shekaranjiya da na je auna mata jini na dafa shi, yatsana ya shige. Danshi ya hau shi ya kai ƙugu. Ginin ƙasa ba sai ruwa ya shigo gida yake faɗuwa ba, ta gindi yake sha, ya rufto da azara cikin dare. Yawancin waɗanda muke rasawa a daminar Jigawa haka suke tafiya, tsofaffi da yara, a kan gadonsu. Kun san muryar kogi, amma bango ba ya magana. Ga rijiyarku, taku kaɗan ne tsakaninta da masai. Ranar da ruwa ya haɗe su, amai da gudawa ne zai biyo baya, alif kuma laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe cuta.

Autan Inna: Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya, ni ƙarami ne amma ku bar ni in faɗi abin da na gani. Kafin iskar nan ta iso an kwashe mutum sama da 400,000 a tsibirin nan. Akwai wani tsoho mai gadi a unguwarmu da ya ƙi barin ɗakinsa na kwano saboda kajinsa, sai da aka ɗauke shi kusan da ƙarfi. Jiya na gan shi zaune a inda ɗakin yake, ba ko ginshiƙi, yana ta godiya ga waɗanda suka ja shi. Ni ina nan ba abin da zan iya yi wa Inna. Kwana huɗu da suka wuce ita ce ba ta ci abinci ba saboda ni. Yau ni ne na kasa ci.

Ɗan Fito: Kawu, ga shawara. Ba sai an bar gida ba kowa ba. Inna da mata da yara su hau tudu yau. Hatsi mu ɗure a buhu, amalanke biyu ta isa, a kai ɗakin ajiyar masallacin Juma'a a rubuta da sunanku a gaban Liman. Awaki su bi yara. Mu samari huɗu mu riƙa kwana a jinga da fitila da buhunan yashi, muna duban gidajen layin gaba ɗaya. Jirgina yana ɗaure a gindin giginya. In ruwa ya kai tsaga ta goma sha biyu, ko ku ma sai kun shiga, kuma da rana za mu fita, ba na fito da dare, ba na kuma ɗaukar fiye da mutum takwas. Yanzu yana ta tara.

Kawu na Bakin Jinga: Ta goma sha biyu ka ce?

Ɗan Fito: Ita ce daidai bakin jinga ta wajen Makwalla. Na auna da gora.

Kawu na Bakin Jinga: To. Ku zo bayan la'asar ku ɗauki Yayata Inna da yaran. Hatsin a fara da rumbun yamma, shi ya fi kusa da ruwa. Ni ina nan tare da ku a jinga. In ta kai sha biyu ba sai ka kira ni sau biyu ba.

Maman Khalifa: Baban Amira, ka haɗo mata da maganin hawan jininta da katin asibiti a leda, a ɗaure bakin. Takardun gona da na makarantar yara ma haka. Gidan sauro kada a manta. Zan kawo gishiri da sukari na haɗi da maganin tsarkake ruwa, jarka biyu a ware na sha kawai.

Mai Caji: Fitilu da wayoyin masu kwana a jinga ku kawo shagona, kyauta har ruwa ya janye.

Juma'a, 13 ga Satumba

Malamin Labarin Ƙasa: Na Biyetnam da suka rasu sun haura 200, mafi yawansu zaftarewar ƙasa da ambaliya ne, ba iska ba. Jan Kogi a Hanoi ya kai inda bai kai ba cikin shekara 20, ragowar ruwan kuma ta shiga Laos da Tailan da Miyanma. Hasashen yankinmu na nuna hadari gobe da jibi ta kudancin Kano, don haka ko turke ya sauka kada a yi gaggawar komawa.

Maman Khalifa: An samu ƙanwar mijina, tana sansani da yaranta, alhamdulillahi. Na gode da addu'a.

Autan Inna: Alhamdulillahi Anti. Mu ma wuta ta dawo ɓangarenmu. Yaya, in ka je firamare da yamma ka kira ni da bidiyo in ga Inna.

Baban Amira: Zan kira. Bangon bayan ɗakinta ya zauna daren jiya wajen ƙarfe biyu, azara uku a kan gadon. Kawu ne ya fara jin ƙarar daga jinga. Ban gaya mata ba tukuna.

Ɗan Fito: Turke da asuba: sha ɗaya, bai motsa ba tun jiya. Ruwan har yanzu ja ne. Ana buƙatar buhu talatin babu komai a ciki da mutum shida da shebur a wajen Makwalla kafin a tafi masallaci.